Kafin a Ɗaga Kwantena: Malaman Kariya a Tashoshin Kaya na Faransa

La Courneuve ba ta bakin teku, ba ta kuma da babban kogi. Garin ma'aikata ne a arewacin Paris, cikin lardin Seine-Saint-Denis, wanda mutanen can ke kira da lambarsa, 93. Wanda ya sauka a tashar RER B ko a ƙarshen layin metro na 7, dogayen benaye zai gani, da manyan tituna, da sito-sito na kamfanoni. Amma taragon T1 da ke ratsa garin, in ka bi shi yamma, zai wuce da kai Saint-Denis, ya haye kogin Seine, ya kai ka Gennevilliers, inda tashar kogi mafi girma a yankin Paris take, a kan fili mai kusan hekta 400. Can jiragen kogi ke kawo kwantena daga Le Havre, da yashi da tsakuwa da man fetur, su kwashi hatsi da tarkacen ƙarfe da ɓaraguzan gini. A maƙwabta kuma, Aubervilliers, akwai mashigin ruwa na Saint-Denis da aka buɗe a 1821, kuma har yau ana sauke wa masu kwaɓa kankare yashi a bakinsa. Duk abin da ya sauko daga ruwa sai ya bi ta hannun wani: mai tuƙa injin ɗaga kaya, mai ɗaure kwantena, mai buɗe ta, mai jera kaya a sito. Da yawa daga cikin waɗannan mutane daga unguwanni irin La Courneuve suke fitowa tun kafin asuba, kuma 'yan Afirka ta Yamma na da yawa a cikinsu.

La Courneuve ta daɗe da sanin ƙarfe da wuta. A nan kamfanin Babcock & Wilcox ya kafa masana'antar manyan tukwanen tururi, a nan Rateau ya riƙa ƙera injina. Ranar 15 ga Maris 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata ma'ajiyar gurneti ta fashe a garin, ƙarar ta girgiza Paris, aka yi asarar rayuka da gidaje. Daga baya manyan masana'antun suka yi ta ja da baya, har wani ɓangare na filin Babcock ya koma cibiyar da Babban Bankin Faransa ke sarrafa takardun kuɗi. Aikin da ya fi samuwa ga matasan yankin yanzu shi ne na dako: a karɓi kaya, a ajiye, a tura gaba.

Dako kuwa ba baƙonmu ba ne. Da kafaɗun mutane aka gina dalar gyadar Kano, kuma har gobe a kasuwar Dawanau ɗan dako na saɓa buhu mai kilo 100 ya hau katako da shi zuwa bayan tirela. Haka tashoshin Turai ma suke a da, ana taruwa da sassafe a bakin ƙofa a zaɓi masu ƙirji, sauran su koma gida. A Faransa sai dokar 6 ga Satumba 1947 ta ba 'yan dakon tashoshin teku kati da matsayi. Sannan kwantena ta zo. A watan Afrilu 1956 wani jirgi mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston a Amurka ɗauke da akwatunan ƙarfe 58, kuma cikin shekaru kaɗan aikin tasha ya sake kama a duniya baki ɗaya. Buhu in ya kufce, ƙafa yake karyawa ko ƙugu. Kwantena mai tsawon ƙafa 40, wadda in an cika ta take kai tan 30, in ta kufce a kan mutum ba a maganar asibiti. Ƙarfin ƙirji ya daina zama jarin wannan aiki, sani ya maye gurbinsa, sani kuwa sai da mai koyarwa.

Shi ne mutumin da nake son mu duba sana'arsa. Faransawa na ce masa formateur, mu sai mu ce malamin kariya. Galibi ba daga jami'a yake fitowa ba. Tsohon direban inji ne, ko tsohon mai walda, ko tsohon ɗan kwana-kwana, wanda ya sha aikin da hannunsa kafin ya koma koyarwa. Wani yana aiki a cibiyar horaswa, wani ma'aikacin kamfanin ne da kansa. Abin da yake koyarwa ba daga kansa yake ƙirƙira ba, akwai ƙa'idojin da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da cibiyar bincike ta INRS ke fitarwa. Doka ce kuma ta samar masa da kasuwa. Tun dokar 9 ga Afrilu 1898 Faransa ta yanke cewa raunin da aka ji a bakin aiki mai kamfani ne ke da alhakin diyyarsa, ko ba a tabbatar da laifinsa ba. Dokar aiki ta yanzu ta wajabta a horar da duk sabon ma'aikaci, da wanda aka sauya wa gurbi, da ɗan wucin gadi, a cikin lokacin aiki, ana biyansa. Akwai ma wani sashe da nake ganin ya kamata kowane baƙo ya haddace: wajibi ne horon ya yi la'akari da harshen da ma'aikacin ke ji ko yake karantawa.

Mu shiga filin koyo. Injin da aka fi fara koya shi ne motar ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe biyu, wadda a Najeriya ake ce wa fokilif. Darasin farko a ƙasa ake yin sa. Malamin zai sa ɗalibi ya zagaya motar: ya duba taya, ya duba sarƙa, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, ya shafa yatsun ko akwai tsaga, sannan ya hau ya gwada birki da hon da fitila. Daga nan sai ya nuna masa wani ɗan faranti mai lambobi da ke manne kusa da kujera. Farantin ne ke faɗin nauyin da motar ke iya ɗauka, kuma nauyin nan raguwa yake duk lokacin da kaya ya yi sama ko ya yi nesa da gindin yatsu. Motar da ta ɗaga tan biyu daga ƙasa ba lallai ta iya ɗora shi a kanta ta huɗu ba.

Da tayoyin baya fokilif ke shan kwana, don haka bayanta ne ke lilo ya make wanda ke tsaye yana ganin ai ya kauce. Tayoyinta huɗu, amma a ma'auni tamkar uku ne, domin ƙarfen da ke riƙe da na baya a wuri ɗaya yake maƙale, a tsakiya. In direba ya sha kwana da gudu alhali yatsu na sama, ko babu kaya sai ta kife. A wannan daƙiƙa abin da jiki ke gaya wa mutum shi ne ya yi tsalle. Wanda ya yi tsalle kuwa, rufin motar ne ke riskarsa a ƙasa ya danne masa wuya ko ƙirji. Shi ya sa malamin zai yi ta nanatawa har a gaji da ji: ɗaura bel, riƙe sitiyari da hannu biyu, kafe ƙafafu, karkata zuwa ɓangaren da ba nan take faɗuwa ba, ka zauna a ciki. In kaya ya tare maka gaba, ka tafi da baya kana waiwaye. In za ka hau tudu ko gangara da kaya, kayan ne ke kallon sama. Ba a ɗaukar mutum a kan yatsu ko da na minti ɗaya ne, ko da kwan fitila kawai zai canja.

Bayan 'yan kwanaki sai jarrabawa, ta rubutu da ta tuƙi. Wanda ya koyar ba shi ke jarraba ɗalibinsa ba, wani dabam ne, kuma wannan tsari ne mai kyau, domin malami na da tausayin ɗalibi, inji kuwa ba shi da shi. Wanda ya ci sai a ba shi takardar da ake kira CACES. Ta fokilif lambarta R489 tun farkon 2020, kuma shekara biyar take yi a sake. Ita kaɗai ba ta isa a hau inji ba. Sai likitan aiki ya duba mutum, an zagaya da shi wurin da zai yi aikin ya san lunguna da ƙa'idojinsa, sannan mai kamfani ya sa hannu a takardar izinin tuƙi. A Seine-Saint-Denis wannan takarda abin nema ce, domin tana fitar da saurayi daga sahun masu ɗaukar kwali da hannu zuwa kujerar inji.

Sai dai takarda na fitowa cikin mako guda, ɗabi'a kuwa sai an daɗe. A nan ne tsofaffin hannu ke ƙarasa aikin malami, kuma inda aka dace da dattijo na gari a sito za ka ji irin wannan:

"Samari, sauke yatsun nan ƙasa kafin ka motsa."

"Baba, ai babu kaya a kai."

"Da kaya da babu kaya, sauke. Akwai mutum a bayan kantar can, kai ba ka gan shi ba, ni na gan shi."

Buɗe kwantena ma darasi ne mai zaman kansa, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin mutum zai rantse babu abin koyo a buɗe ƙofa. Akwatin da ya yi makonni a teku ya sha jijjiga, kayan ciki na iya gocewa su jingina da ƙofa suna jiran wanda zai zare sakata. Don haka ana fara ɗaure ƙarafan ƙofofin biyu da igiya ko sarƙa, a tsaya a gefe, a sassauta ta dama kaɗan, a ga ko tana turowa. Wannan haɗarin da ake gani ke nan. Wanda ba a gani shi ne iskar ciki. Ana turara kaya da guba a ƙasar da aka yi lodi don kashe ƙwari, musamman hatsi da katako. Ɗaya daga cikin gubar ita ce fosfin, wadda ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake ko a rumbu ke fitarwa, kuma mun san abin da take yi in aka kwana ɗaki ɗaya da ita. Wata gubar ma ba ta da wari ko kaɗan. Ƙa'ida ita ce a manna gargaɗi a ƙofa, amma sau da yawa ba a mannawa. Malamin zai koya wa ma'aikaci ya duba ko an liƙe ƙananan kafofin shan iskar kwantenar da salatef, domin alama ce ta an turara. Zai koya masa cewa hanci ba ma'auni ba ne, sai an zura na'ura an auna, an bar ƙofa a buɗe iska ta ratsa. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya bayan sauke kwantena ba gajiya ba ce da za a kora da shayi.

A bakin ruwa ƙa'idojin kaɗan ne, kuma ba sa canjawa daga Gennevilliers har Apapa. Ba a bi ta ƙarƙashin kayan da ke rataye. Mutum ɗaya ne ke ba direban inji alama da hannu, amma kowa na da ikon ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ba a tsayawa a saitin igiyar jirgi da ta ɗame, domin in ta tsinke bulalarta na yanke ƙafa. Ana sa rigar ruwa ko da mutum gwanin iyo ne, saboda sanyin Seine a watan Janairu na ɗauke numfashi kafin a yi tunanin iyo. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tattara irin waɗannan a yarjejeniyarta mai lamba 152 ta 1979, kuma tun 1 ga Yuli 2016 ba a yarda a ɗora kwantena a jirgin teku ba sai an tabbatar da nauyinta, bayan an sha fama da masu rubuta ƙarya a takarda.

Wurin ƙera jirage kuwa wata duniya ce. Mafi girma a Faransa yana Saint-Nazaire, a bakin tekun Atlantika, inda Chantiers de l'Atlantique ke ƙera manyan jiragen yawon shaƙatawa. Dubban mutane ne ke aiki a cikin ƙwarangwal ɗin jirgi ɗaya, wani na walda a sama, wani na fenti a ƙasa, da yawansu ma'aikatan ƙananan 'yan kwangila ne daga ƙasashe daban-daban, ba sa jin harshen juna. Babban abin tsoro a nan shi ne rufaffen wuri: tanki, ƙarƙashin bene, kwaroron bututu. Iskar da muke shaƙa tana da sinadarin oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari. Tsatsa kaɗai na iya cinye shi a rufaffen tanki, haka iskar argon da masu walda ke amfani da ita na iya kore shi, ba launi ba wari. Mutum zai sauka tsani lafiya lau, ya yi numfashi biyu ko uku, ya zube. Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne abin da ke biyo baya. Abokinsa da ke sama zai gan shi a kwance, zuciya ta ce masa ya shiga ya ciro shi, sai gawa ta zama biyu, wani lokaci uku. Malamin dole ya sa wa mutum a rai cewa taimakon ɗan'uwa a wannan hali shi ne ya tsaya a waje, ya yi kururuwa, ya kira masu tulun iska. Haka walda: ba a kunna wuta sai da takardar izini, sai an kwashe abin da ke kamawa, an leƙa bayan bangon ƙarfen, kuma bayan an gama wani ya zauna gadi na sa'o'i biyu, domin tartsatsi kan kwanta ya tashi bayan kowa ya tafi.

Duk da haka akwai haɗarin da horon ma'aikaci ba ya tarewa, kuma malamin kirki ba ya ɓoye wannan. Ranar 15 ga Nuwamba 2003, ana dab da kammala jirgin Queen Mary 2 a Saint-Nazaire, wata gadar shiga jirgi ta karye da mutane a kanta, suka faɗa ƙasan ramin da ake ƙera jirgin. Mutum 16 suka mutu, ciki har da ma'aikatan shara da iyalan da suka zo ganin jirgin. Babu ɗayansu da ya karya wata ƙa'ida. Gadar ce ba a yi ta yadda ya kamata ba, kuma kotu ta kama kamfanin ƙera jirgin da ɗan kwangilar da ya haɗa gadar da laifi. Haka labarin asbestos, wanda aka shafe shekaru ana naɗe bututu da tukwanen jirage da shi, 'yan dako kuma na saukewa a buhuna suna shaƙar ƙurarsa. Cutar kan bayyana bayan shekara 30 ko 40, lokacin da mutum ya yi ritaya. Sai ranar 1 ga Janairu 1997 Faransa ta haramta shi. Daga baya aka buɗe wa ma'aikatan da suka shaƙe shi hanyar barin aiki da wuri, aka kafa asusun diyya na FIVA, kuma ranar 28 ga Fabrairu 2002 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa kamfanin da ya san haɗari, ko ya kamata ya sani, bai kuma kare ma'aikaci ba, ya yi laifin da ba shi da uzuri. Hular kwano da safar hannu su ne katanga ta ƙarshe. Ta farko ita ce mai kamfani ya kawar da haɗarin tun daga tushe.

Mutanen Lyon na da nasu tabon. A kudancin birnin, bakin kogin Rhône, akwai tashar Édouard-Herriot da aka buɗe a 1938, wadda ke karɓar kwantena daga Fos kusa da Marseille, tana kuma ɗauke da manyan tankunan mai. Ranar 2 ga Yuni 1987, ana cikin aikin gyare-gyare a ma'ajiyar mai ta Shell da ke tashar, wuta ta tashi, ma'aikata biyu suka mutu, aka kwana ana fama da gobarar. Kafin nan, ranar 4 ga Janairu 1966, matatar mai ta Feyzin da ke ƙasa kaɗan ta fashe bayan gas ya kufce daga ƙarƙashin wani tanki, famfon ya daskare aka kasa rufewa. Mutum 18 suka rasu, 11 daga cikinsu 'yan kwana-kwana. Har yau malaman kariya na kawo Feyzin a aji don nuna cewa wane famfo za a fara buɗewa, wane za a bi da shi, magana ce ta rai.

Wani abu da ke yawan maimaituwa a irin waɗannan labarai shi ne baƙon ma'aikaci, wanda aka kawo daga waje ya yi aikin kwana uku a wurin da bai sani ba. Shi ya sa tun 1992 aka wajabta wa kamfani da ɗan kwangilarsa su zagaya wurin aiki tare kafin a fara, su tsara yadda za a kauce wa haɗari. A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace kuwa, babban kamfani kan ba wa ɗan kwangila, shi ya ba wa ƙaraminsa, shi kuma ya buga waya ga ofishin samar da 'yan wucin gadi. Wanda ke ƙarshen wannan igiya shi ne saurayin da ya taso daga La Courneuve da ƙarfe huɗu na dare. An ba shi takalmi mai ƙarfe a baki da riga mai ƙyalli, an nuna masa bidiyo na 'yan mintoci cikin Faransancin da bai gama kamawa ba, an ce ya sa hannu cewa ya fahimta. Ya sa. Wa zai ce bai fahimta ba ranar farko, alhali akwai goma a waje suna jiran gurbinsa?

A ganina nan ne zuciyar wannan sana'a take. Tuƙin inji kowa na iya koyarwa. Abin da ke bambanta malamin kariya na gaske da mai sayar da takarda shi ne ya iya koya wa mutum ya tsaya, ya ce a'a. Dokar Faransa ta 23 ga Disamba 1982 ta ba kowane ma'aikaci ikon janye jikinsa daga aiki in yana da dalilin ganin akwai haɗari mai tsanani da ke dab da aukuwa ga ransa ko lafiyarsa. Zai sanar da shugabansa, ya ja gefe, kuma ba a yarda a yanke masa albashi ko a hukunta shi ba. Doka ce mai daraja, amma ga ɗanmu tana da nauyin ɗauka. An tarbiyyantar da mu a kan juriya da kunyar na gaba. Namiji ba ya cewa yana tsoro, yaro ba ya musu da ubangidansa, baƙo ba ya ɗaga murya a garin mutane. Ga kuma gida na jira: kuɗin makaranta, kuɗin asibitin Inna, bashin da aka ci aka yi hanya. Waɗannan halaye ne da ba na rainawa, su suka riƙe iyalai da yawa. Amma a ƙarƙashin injin da ke ɗaga tan 40, kunya na kashe mutum.

Wanda ke aiki da takardar wani ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Sunan da ke kan takardar CACES ba nasa ba ne, wataƙila ma bai taɓa shiga ajin ba. In ya ji rauni sai ya ɗaure da ƙyalle ya ce a gida ya faɗi. Da yawa ba su san cewa dokar aiki ta Faransa, a fannin lafiya da kariya, tana ɗaukar baƙon da ba shi da izinin aiki daidai da kowane ma'aikaci tun ranar da aka ɗauke shi ba. A watan Yuni 2023 wani magidanci ɗan Mali ya rasu a wurin ginin babban ramin tara ruwa na Austerlitz a Paris, aikin tsaftace Seine don wasannin Olamfik, bayan wata babbar mota ta buge shi tana ja da baya. A shekarar, hukumar inshorar lafiya ta ƙirga mutum 759 da suka mutu sakamakon haɗarin wurin aiki, wato sama da biyu kowace rana, a ƙasar da ke da duk waɗannan dokoki.

Za a ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali ya hana riƙo da sababi ba. Wanda ya ɗaura bel ya auna iska kafin ya shiga tanki bai fi kowa son duniya ba, amanar ran da aka ba shi yake tsarewa, da ta 'ya'yan da ke jiransa. Abin da na ƙi shi ne mai kamfani ya ari wannan kalma daga bakinmu ya rufe sakacinsa da ita.

Su ma malaman ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai cibiyoyin da suka mai da abin kasuwa, a cusa wa mutum amsoshi ya haye jarrabawa ya fita da takarda, kansa wayam. Kuma tun da gyaran dokar 2017 ya narkar da kwamitocin lafiya da kariya na kamfanoni cikin majalisar ma'aikata guda ɗaya, ƙungiyoyin ƙwadago ke kukan cewa idanun da ke sa ido a wurin aiki sun ragu. Malamin kirki ana gane shi da abu kaɗan. Yana barin allo ya fita fili, yana sa ɗalibi ya nuna da hannu maimakon ya gyaɗa kai, yana neman wanda zai fassara in ya ga ido ya yi zuru, kuma yana da ƙarfin halin ce wa kamfanin da ke biyansa wannan yaron bai shirya hawa inji ba tukuna.

Maganar nan ta iso gida. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Kwantenar da ake saukewa a Gennevilliers irinta ce ke zuwa tashar Dala a Zawaciki, da nauyinta da gubarta, kuma 'yan kasuwar Maraɗi sun daɗe suna karɓar irinta daga tashoshin bakin teku. Waɗanda za su buɗe ta su ne 'yan dakon da suka saba da buhu, da silifas a ƙafa. Dokar Faransa ta ce namiji ba zai riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 ba sai likita ya amince, mu kuwa kilo 100 ne abin yau da kullum, kuma mun san yadda bayan ɗan dako ke komawa kafin ya kai shekara 50. Najeriya na da dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta sa kamfani ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, Nijar kuma na da CNSS, amma lebura na ranar Allah da ake sallama da yamma da wuya ya shiga wannan lissafi. Ina kira ga masu tafiyar da waɗannan tashoshi, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan dako, su ɗauko tsofaffin direbobin inji da masu walda da suka yi aiki a Apapa da Fatakwal, a horar da su su zama malamai, su koyar da Hausa, a fili, kafin a yi gawar farko.

Kai kuma ɗan'uwa da ke aiki a sito ko tasha a Faransa, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gane ba, ka nemi a maimaita ko a fassara maka, haƙƙinka ne. In ka ji rauni, komai ƙanƙantarsa, ka sanar da shugabanka cikin sa'o'i 24, ka je likita ya rubuta maka shaida. Kamfani na da sa'o'i 48 ya kai rahoto ga ofishin inshorar lafiya. In ya ƙi, doka ta ba ka shekara biyu ka kai da kanka.